Ƙofa Marar Ƙyaure: Yadda Aka Ƙare Da Masu Ƙin Biyan Kuɗin Hanya A Afirka Ta Kudu

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar doya da ke lodi daga Lafiya zuwa Kano, ya aiko mana da takarda. Bayan gaisuwa ga ma'aikatan wannan fili, ya ce tun da aka soma karɓar kuɗin hanya a titin Keffi zuwa Makurɗi cikin shekarar 2025, gardama ba ta ƙare ba a tasharsu. Wani direba ya ce masu wai a Afirka ta Kudu mutane sun haɗa baki sun ƙi biya, har gwamnati ta gaji ta haƙura, ba a ɗaure kowa ba. Shi ne yake so mu ba shi tarihin abin, mu kuma gaya masa abin da doka ta yi wa waɗanda suka ƙi biyan.

AMSA: Direban nan bai yi maku ƙarya ba, sai dai rabin labarin ya ba ku. Gyara zama ka ji sauran.

Ka tuna da kakanninmu fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. In ayari ya iso bakin Kwara, madugu ya yi ciniki da masu jirgi, a biya kuɗin fito kafin a haye. Wanda bai biya ba yana nan a gaɓar da yake, shi da jakunansa. Ba bashi, saboda haka ba zuwa gaban alƙali. Haka tolget ɗin da muka sani a manyan hanyoyin Nijeriya yake kafin gwamnatin Obasanjo ta rushe su tsakanin ƙarshen 2003 da farkon 2004: sanda ce a gitte, ka miƙa kuɗi a ɗaga maka. Su ma mutanen Afirka ta Kudu sun saba da irin wannan tun 1984, suna biya ba wata hayaniya. Maganar tara da sammaci da ɗauri ba ta taso masu ba sai ranar da aka gina ƙofar da ba ta da ƙyaure, wadda kowa zai wuce tukuna a biyo shi bashi daga baya.

Abin ya faru ne a lardin Gauteng, inda biranen Johannesbag da Pretoriya suke. Ma'anar sunan a harshen Sesotho ita ce wurin zinariya. Shi ne mafi ƙanƙanta cikin lardunan ƙasar 9, amma shi ya fi kowanne jama'a, mutum sama da miliyan 15 a ƙidayar 2022, kuma kusan kashi ɗaya bisa uku na arzikin ƙasar daga nan yake fitowa. Hanyoyin da suka haɗa biranen nan biyu sun cushe ƙwarai, ga kuma gasar cin kofin ƙwallon ƙafa ta duniya ta 2010 tana tafe. Cikin 2007 majalisar ministoci ta amince a faɗaɗa kimanin kilomita 185 na manyan titunan lardin, aka soma aiki cikin 2008. Hukumar kula da hanyoyin ƙasa, wadda ake kira SANRAL, ita ta ciwo bashin wajen Rand miliyan dubu 20 don aikin, bisa shirin masu bin hanyar su biya sannu a hankali.

To amma titin da dubban motoci ke bi cikin sa'a guda, in ka gitta masa sanda ai ka dawo da cunkoson da ka kashe kuɗi don kawarwa. Sai aka kawo wata dabara. Aka kafa ƙarafa sama da 40, kowanne ya haye titi ta sama kamar ƙofar gari, aka jera masa kyamarori. Mai mota ya buɗe asusu ya zuba kuɗi, kamar yadda kake sa wa wayarka kati, a ba shi wata 'yar na'ura da ba ta fi kwalin ashana ba ya liƙa a gilashin gaba. Duk ƙofar da ya bi ta ƙarƙashinta sai na'urar ta yi ɗan ƙara, an cire kuɗi ke nan. Wanda ba shi da na'ura kuwa, kyamara ta ɗauki lambar motarsa, a aika masa da takardar bashi gida. Kamfanin da aka ba kwangilar karɓar kuɗin, mafi yawan hannun jarinsa na wani kamfanin ƙasar Ostiriya ne mai suna Kapsch, wannan ma ya ƙara wa mutane haushi. Sunan tsarin a bakin jama'a i-tol.

An dai buga sanarwa a gazet ɗin gwamnati da jaridu cikin 2007, amma mutane ƙalilan ne suka kula. Galibi sun zaci gyaran hanyar na cikin hidimar ƙwallo ne. Sai a watan Fabrairun 2011 aka faɗi farashi: santi 66 kowace kilomita ga ƙaramar mota, santi kuwa kamar kwabonmu ne, 100 ke yin Rand guda. Gari ya ɗauka. Gwamnati ta rage zuwa 40, ta sake ragewa zuwa 30 ga mai na'ura, ta yafe wa bas-bas da motocin haya masu rajista, tana cewa ka ga talaka ya fita ke nan. Babbar ƙungiyar ƙwadago ta COSATU, wadda ƙawar jam'iyyar ANC mai mulki ce, ta ce sam. Hujjarta ita ce mulkin wariyar launin fata shi ya jibge baƙar fata a unguwanni irin su Soweto, nesa da wuraren aiki, yanzu kuma a ce su biya kuɗin nisan da ba su suka zaɓa ba. Ta ƙara da abin da kai ɗan kasuwa ka fi kowa sani: babbar mota tana biyan kusan ninki 5 na ƙarama, mai motar kuwa ba daga aljihunsa zai cire ba, a kan buhun masara da kwandon tumatir zai ɗora. Ran 7 ga Maris 2012 ma'aikata suka fito zanga-zanga a manyan biranen ƙasar.

A wannan shekarar ce wasu ƙungiyoyin 'yan kasuwa, musamman masu ba da hayar motoci, suka kafa wata ƙungiya mai suna OUTA ƙarƙashin wani Bature, Wayne Duvenage. Su cewa suka yi a ƙara 'yan santi kan litar mai a biya bashin, tunda karɓar wannan ba ta bukatar kyamara ko ɗan aike. Suka garzaya kotu. Ran 28 ga Afrilu 2012, saura kwana 2 a fara karɓar kuɗi, babbar kotun Pretoriya ta ba da umurnin a dakata. Murnar ba ta daɗe ba, don ran 20 ga Satumba Kotun Tsarin Mulki ta soke umurnin, ta ce yadda za a samo kuɗin gina hanya shawara ce ta gwamnati, alƙalai ba za su shiga gonarta ba. Cikin Oktoban 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ita ma ta kori OUTA, a kan sun makara, don doka ta ba da kwana 180 ne a ƙalubalanci irin wannan mataki, su kuwa sun zo bayan shekaru.

Riƙe wannan wuri da kyau, Malam, don a nan gizo yake saƙar. Kotun ba ta ce an bi ƙa'ida wajen kafa tsarin ba, ba ta kuma ce ba a bi ba. Ta bar ƙofa a buɗe cewa duk ranar da hukuma ta gurfanar da wani mutum a kan ƙin biya, shi wannan mutumin yana iya kare kansa da cewa tsarin ma tun asali ba a kafa shi bisa doka ba. Watau duk ƙarar da hukuma za ta kai, tana iya juyewa ta zama shari'ar hukumar kanta.

Aka kunna kyamarori ran 3 ga Disamba 2013, kwana 2 kafin rasuwar Nelson Mandela.

Yanzu ga abin da ka tambaya, me doka ta tanada? A takarda dai abin ba wasa. Dokar da ta kafa SANRAL cikin 1998, sashe na 27, ta ce wanda ya ƙi biyan kuɗin hanya ya yi laifi, ana iya ɗaure shi har wata 6, ko a ci shi tara, ko a haɗa masa duka biyu. Ban da wannan akwai wata tarar ta Rand 1,000 da zai biya hukumar, wadda ke ƙaruwa kowace shekara gwargwadon tsadar kaya. Ga kuma horon farashi na wancan lokaci: in ka wuce ƙofa kana da kwana 7 ka biya, in suka cika ba ka biya ba sai a lissafa maka ninki 3 na cikakken farashi, watau kusan ninki 6 na abin da mai na'ura ke biya. Ma'aikaci mai zuwa aiki kullum, kafin ya ankara bashin dubbai ya hau kansa. Aka riƙa aika wa mutane saƙo ta waya ana cewa za a miƙa su ga lauyoyi, ana kuma tsorata su da cewa wanda kotu ta kama da laifi sunansa ya shiga littafin masu laifi, samun aiki ya yi masa wuya.

Da farko tsoro ya yi aiki. Zuwa tsakiyar 2014 masu biya sun kai kimanin kashi 40 cikin 100, daga nan kuwa abin bai sake hawa ba. Hukumar ta yi lissafinta ne a kan sama da kashi 90 za su biya. Kura-kurai suka taimaka wa masu ƙi: takardar bashi ta je tsohon adireshi, ta je wa wanda ya sayar da motarsa tuni, ta je wa wanda ɓarayi suka kwafi lambarsa suka liƙa a wata motar. Kowa kuma yana duban maƙwabcinsa da bai biya ba, ga shi nan yana kwana a gidansa lafiya lau. Cikin Yulin 2014 aka ji cewa ofishin mai gabatar da ƙara na ƙasa ya ware lauyoyi 2 don wannan aiki. Lauya 2, ga dubban ɗaruruwan masu mota! Ko da kowace kotun majistare ta lardin ta ajiye shari'ar sata da ta kisa ta koma kan kuɗin hanya, shekaru za a yi ba a gama ba. Kafin watan ya fita ministar sufuri, Dipuo Peters, ta ce a dakata da maganar gurfanarwa tukuna.

Wanda aka ji an hukunta a kotun laifi shi ne wani mutum a Pretoriya cikin 2015, shi ma abin da ya kai shi ya wuce ƙin biya. Lambar motarsa ya sauya don kyamara ta kasa gane shi, aka kama shi da zamba, ya amsa, aka ci shi tara aka kuma sa ya biya bashin. Ka ga doka ta bambanta wanda ya wuce da lambarsa a fili ya ce ba zan biya ba, da wanda ya yi ha'inci.

Da sanda ta ƙi ci sai aka koma lallashi. Ran 20 ga Mayu 2015 Cyril Ramaphosa, lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa, ya ba da sanarwar sabon tsari: santi 30 ga kowa, da na'ura ko babu, iyakar abin da ƙaramar mota za ta biya a wata ya sauko daga Rand 450 zuwa 225, wanda ake bi tsohon bashi a yafe masa kashi 60 in ya biya cikin wata 6. Ya haɗa da barazanar da a ganinmu ita kaɗai ce za ta iya karya masu ƙin biya, watau ba za a sabunta maka takardar mota ba sai ka biya. Wannan ai mayar wa ƙofa ƙyaurenta ke nan. Amma ba a taɓa zartar da ita ba har aka tashi daga wasan, rangwamen kuma bai jawo mutane da yawa ba.

Daga 2016 hukumar ta bar zancen ɗauri ta kama hanyar shari'ar bashi. Bambancin shi ne, a shari'ar laifi gwamnati ke neman a hore ka, a shari'ar bashi kuwa mai kuɗi ke neman kuɗinsa, in ya yi nasara ma'aikacin kotu ya zo ya rubuta kayanka a yi gwanjonsu. Zuwa 2018 an gaya wa majalisar dokoki cewa an fitar da sammaci sama da 15,000, amma wajen kashi ɗaya bisa huɗu ne kaɗai suka isa hannun masu su. OUTA ta ce duk ɗan ƙungiyar da sammaci ya same shi ya kawo, lauyoyinta za su tsaya masa, da waccan hujja da kotu ta bar wa ƙofa. Ɓangarorin biyu suka shirya a ɗauki wasu ƙararraki a yi gwaji da su. Aka yi ta musayar takardu shekara da shekaru, har ranar da aka kashe kyamarorin ba a yanke wannan shari'a ba.

Ga inda direbanku ya tsallake. Akwai waɗanda abin ya ci, su ne waɗanda sammaci ya zo masu suka jefa shi ƙarƙashin katifa. A dokar can, in an miƙa maka sammacin bashi kana da kwana 10 na aiki ka sanar da kotu za ka kare kanka. In ka yi shiru, alƙali ba ya bukatar ganin fuskarka, sai ya yanke hukunci a bayan idonka, duk abin da mai ƙara ya rubuta ya tabbata a kanka. Cikin 2017 aka yanke wa wani kamfani irin wannan hukunci na sama da Rand dubu 400. Farkon 2019 jaridu suka ba da labarin mutanen da ba su san an yanke masu hukunci ba sai da suka je neman rance banki ya juya masu baya. Hayaniyar da ta biyo baya ce ta sa ƙungiyar ofisoshin da ke ajiye sunayen masu taurin bashi ta fito ta ce bashin i-tol ba zai zauna a littattafansu ba. Amma kafin nan wasu sun riga sun sha wuya. Wannan kam ba a Afirka ta Kudu kaɗai ba, ko a kotun garinku ne, sammaci ba abin yi wa kunnen uwar shegu ba ne, ko da kai ke da gaskiya.

Abin da ya kashe tsarin a ƙarshe akwatin zaɓe ne. Jam'iyyar ANC ta sami kashi 64 na ƙuri'un Gauteng cikin 2009, ta sauko kusan 54 cikin 2014, cikin 2016 kuma kujerun magajin garin Johannesbag da na Pretoriya suka kuɓuce mata. Ba kuɗin hanya kaɗai ya jawo haka ba, akwai zargin cin hanci da rashin aikin yi, amma shugabannin jam'iyyar na lardin sun ga abin yana ci masu tuwo a ƙwarya, har su da kansu suka shiga zanga-zangar a soke tsarin da gwamnatinsu ta kafa. Ran 27 ga Maris 2019, saura mako 6 a yi babban zaɓe, SANRAL ta ce ta dakatar da bin bashin ta hanyar kotu. Ministan kuɗi Tito Mboweni ya fusata ya ce a janye wannan magana, wanda ya bi hanya shi zai biya. Ba a janye ba. Daga nan masu biya suka faɗo ƙasa da kashi 20, galibinsu kamfanoni da ma'aikatun gwamnati da ba su iya fitowa fili su karya doka. Hausawa dai sun ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Sai dai masu kuɗin da aka ranta ba ruwansu da zaɓe, ruwan bashi kuma bai tsaya jiran shari'a ba. Ran 26 ga Oktoba 2022 ministan kuɗi Enoch Godongwana ya shaida wa majalisa cewa gwamnatin ƙasa za ta ɗauki kashi 70 na bashin, lardin Gauteng ya ɗauki 30. Kason lardin kaɗai ya kama Rand miliyan 12,900 ban da ruwa, ka kwatanta da miliyan dubu 20 da aka soma da su. Ga kuma wasu miliyan 4,100 na gyaran titunan da suka soma lalacewa. Lardin ya biya kashin farko, miliyan 3,800, cikin Satumban 2024, daga asusun da ake gina asibiti da makaranta. Kashi 70 ɗin nan kuwa daga baitulmalin ƙasa ne, watau har da harajin manomin Limpopo da bai taɓa taka titin Johannesbag ba, wanda ke biyan nasa duk ranar da ya sayi sabulu ko gishiri. Mu a ganinmu shi ne wanda aka fi ƙwara a cikin labarin nan, shi kuwa ba wanda ya yi zanga-zanga dominsa.

An kashe kyamarorin karɓar kuɗin da daren 11 ga Afrilu 2024, saura minti guda sha biyu ta buga, bayan shekara 10 da wata 4, kuma wannan karon ma saura makonni a yi zaɓe. Waɗanda suka yi ta biya tsawon shekarun nan suka ce to mu fa? Gwamnan lardin, Panyaza Lesufi, ya taɓa cewa farkon 2023 za a mayar masu da kuɗinsu, amma ranar rufewa ba a ba kowa ko santi ba. Waɗanda ba su biya ba su ma ba a ce an yafe masu ba: ministar sufuri ta lokacin, Sindisiwe Chikunga, ta ce a doka bashin yana nan a kansu, sai dai ba a tsai da yadda za a karɓa ba. Lauyoyi da dama suna ganin mafi yawansa ya riga ya mutu, don a dokar ƙasar bashi na yau da kullum yana faɗuwa bayan shekara 3 in mai shi bai kai sammaci ba.

Saboda haka in ka koma tasha ka gaya wa direban nan, ƙofar da mutanen Gauteng suka ƙi biya ba ta da sanda. Tolget masu sanda da ke kan hanyar Johannesbag zuwa Durban da sauran manyan hanyoyin ƙasar ba a taɓa su ba, ko a shekarun da rigimar ta fi zafi direbobi suna tsayawa suna biya, har da waɗanda suka rantse ba za su ba i-tol ko santi ba. Ƙarafan kuwa ba a tumɓuke su ba, an bar kyamarorin a kai don lura da masu gudun wuce sa'a da motocin sata, 'yar na'urar gilashin nan ma tana aiki a tolget masu sanda.